Yatsan Mai Agogo

Idan ka shiga layin masu gyara, ka wuce mai walda da mai faci, shago na uku a hannun hagu shi ne na Mai Agogo. Ɗan tsukut ne, in mutum ya miƙe hannuwansa biyu sai ya taɓa bango da bango. Tebur ɗaya, kujera ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, sai agoguna rataye ko'ina, kowanne yana nuna lokacin da ya ga dama. Shekara talatin da biyar yana zaune a nan da gilashin ƙara girma manne a idonsa na dama, har idon ya ɗan fi ɗan'uwansa tsukewa.

Mutum ne marar taƙama, in ka ɗauke maganar yatsunsa. A nan kam, sai dai ka yi haƙuri ka saurara. Zai ɗauko maka sukurun da bai kai ƙwayar yashi ba, ya ɗaura shi a mazauninsa yana hira, ko kallon kirki bai yi masa ba. Matarsa takan ce da za a yi wa yatsun nan kujera a gida, da shi a ƙasa zai riƙa zama.

Shi ne auta a gidansu, su bakwai. Babbansu, wanda kowa ke kira Yaya har da maƙwabta, ya ba shi shekara goma sha uku. Yaya direban babbar mota ne har ya ajiye aiki, amma abin da aka fi saninsa da shi farauta ne. Tun Mai Agogo yana ƙarami yake bin Yaya har bakin ƙofa yana kuka a tafi da shi. Mahaifiyarsu ta ce kul, autanta ba ya shiga daji. Da ta rasu, sai ga shago, ga aure, ga 'ya'ya. Da 'ya'yan suka girma ya sake tayar da maganar, Yaya ya dube shi ya ce, "Sai ka ƙara hankali, Auta." A lokacin Autan yana da furfura a gemu.

Duk da haka bai fasa ba. Duk ranar da Yaya ya dawo daga daji, shi ne mai riƙe ƙafa a yi fiɗa, shi ne mai tambaya: ta ina ta ɓullo, ina iska ta dosa, taku nawa ne tsakaninku? Ya san dajin nan tudu da kwari, amma duk da kunne ya san shi. Shekara uku da suka wuce ma ya je ya yi lasisin riƙe bindigar farauta, yana sabunta shi duk shekara, alhali ko ƙyallen goge bindiga bai mallaka ba.

To, ranar wata Litinin da hantsi sai ga Yaya ya shigo shagon yana ɗingishi, da doguwar jaka a kafaɗa. Ya ture wani agogon bango gefe, ya shimfiɗa jakar a kan tebur.

"Auta, lasisin nan naka yana nan da rai?"

"Yana nan, Yaya."

"Likita ya ce gwiwoyina sun gama aiki. Asabar ɗin nan ita ce fitata ta ƙarshe. Ga bindigata ta biyu, na ba ka. In kana so, ka zo mu je."

In yana so! Gilashin da ke idonsa ya faɗo kan cinyarsa bai ma sani ba.

"Amma da sharaɗi," in ji Yaya. "Ranar Alhamis za mu kai ta wurin Sannu-Sannu mai gyaran bindiga ya duba. In ya ce ta yi, mun tafi. In ya ce ba ta yi ba, ka zauna da agogunanka."

Kafin Yaya ya kai ƙarshen layi, mai walda ya ji labari, mai faci ya ji, har wata mata da ta kawo a sa mata batir sai da ta ji tun daga farko. Ya rufe shago tun rana tana tsaka, abin da bai taɓa yi ba ko ranar da aka haifa masa ɗan fari. A gida ya sa matarsa ta nemo masa tsohon takalmin sau-ciki, ya sa, ya yi ta zagaye tsakar gida yana taku a hankali wai yana koyon sanɗa.

"Baban yara," in ji ta, tana dariya har da riƙe ciki, "kazar nan da kake wa sanɗa tun ɗazu ta gan ka."

"Ki yi dariyarki. Ranar Asabar sai kin nemo babbar tukunya."

Washegari ya tafi da bindigar shago, don ya kasa rabuwa da ita. Ya ja sakatar bindigar ya leƙa ciki kamar yadda ya sha ganin Yaya yana yi, ya tabbatar babu harsashi, ya saita ta kan wani ƙusa a bango, ya ja kunama, wato ɗan ƙarfen nan da yatsa ke ja bindiga ta tashi. Ya ja, ya ja, sai da yatsan ya yi fari kafin ta ce ƙas.

"Haba!" ya ce shi kaɗai. "Wannan ai jan guga ne daga rijiya. Haka Yaya yake fama duk shekarun nan?"

Da wani ne, da ya mayar da ita jaka ya jira Alhamis. Amma mutumin da ya shekara talatin da biyar yana buɗe cikin abubuwa, ka ce ya ga sifirin ya yi tauri ya ƙyale? Ina! Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya manna gilashinsa, ya kwance ta. Da ya ga cikin sai ma abin ya ba shi tausayi. Ƙarfe uku ne ko huɗu, manya-manya, aikin da a ganinsa ko makaho zai yi. Ya sassauta sifirin. Ya ga wani ɗan haƙorin ƙarfe da ke riƙe da komai yana da kaushi, ya goge shi da dutsen da yake goge haƙoran agogo har ya yi sheƙi. Ya ɗiga mai, ya mayar da komai mazauninsa.

Ya ɗora yatsa. Ƙas! Ko ja bai yi ba, tunanin ja kawai ya yi.

Daɗi kamar ya zuba ruwa a ƙasa ya sha. Ya kirawo mai walda ya taɓa, mai walda ya ce tabɗi, wannan ai ko ƙuda ya sauka a kai ta tashi. Mai Agogo ya ɗauki maganar yabo ce. Ya ƙudura a ransa ba zai gaya wa Yaya ba, sai a gaban Sannu-Sannu, don a yaba masa a gaban masani.

Shagon Sannu-Sannu yana ƙarƙashin wani tsohon bene mai hawa uku, matakala tana bi ta gefensa. Tsoho ne siriri, ya sami sunan ne don ko ruwa zai sha sai ya dubi kofin ta kowane gefe. A kusurwar shagon akwai rabin duro cike da yashi, duk bindigar da ta shigo, bakinta can yake kallo har ta fita. Ranar Alhamis da suka je, ya karɓi tasu, ya ja sakata ya leƙa, ya zura ɗan yatsa ya taɓa, ya sake leƙawa. Yaya ya zauna a benci ya miƙe ƙafafu. Mai Agogo kuwa ya kasa zama, sai murmushi yake haɗiyewa.

Sannu-Sannu yana da yadda yake awo, kuma ba ya canzawa. Ya kafa bindigar, ya ɗauko babban gwangwanin madara mai ƙugiyar waya, ya rataya a kunamar yadda nauyin zai riƙa janta. Sannan ya ɗebo yashi a kofi ya fara tsiyayawa cikin gwangwanin, siriri-siriri. In kunama ta saki, sai ya ɗora gwangwanin a sikeli, nauyin da ya nuna shi ne nauyin janta.

Ko kwatan gwangwanin yashi bai kai ba ta ce ƙas.

Tsohon ya tsaya da kofi a hannu. Ya ɗora gwangwanin a sikeli, ya sunkuya ya karanta, ya goge tabarau ya sake karantawa.

"Giram ɗari huɗu. Bara da na duba ta, kilo biyu da rabi ce. Wa ya taɓa ta?"

"Ni ne!" in ji Mai Agogo, baki har kunne. "Ka ji laushi ko? Awa biyu kacal na yi a kai."

Sannu-Sannu ya ciro bindigar, ya ɗana ta babu harsashi, ya riƙe ta a tsaye nesa da fuskarsa, ya buga gindinta a kan wata tsohuwar taya da ke ƙasa. Bugu ɗaya, shiru. Bugu na biyu, ƙas. Babu yatsan kowa kusa da ita. Ya sake ɗanawa, ya sa makullin da ke hana ta tashi, ya cire shi. Ƙas.

"Ka ga wannan?" ya ce. "Tuntuɓe ɗaya ne. Ko ka dire ta a kan dutse za ka sha ruwa. Wa zai kasance a gabanka ranar Asabar?"

Mai Agogo ya juya ya dubi benci. Yaya ya riga ya dafa bango yana miƙewa. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi. Ya gyara hula kawai ya ce, "Ba da ni ba, Auta," ya fita yana jan ƙafa.

Shekara hamsin Mai Agogo yana jiran rana ɗaya, ya ɓata ta da hannunsa cikin awa biyu, yana murna. Kunya ta rufe shi, idonsa ya kawo ruwa, ya tsaya tsuru-tsuru a tsakiyar shago.

"Aikinka yana da tsafta," in ji Sannu-Sannu, yana juya ɗan haƙorin da ya ciro. "Ban taɓa ganin guga mai kyan wannan ba. Shara zan jefa shi. Agogo a kan tebur yake aiki, Mai Agogo, ita kuwa wannan faɗuwa take yi, ta sha ƙura, ta sha sanyi."

"Amma yatsana yana da saiti, Baba. Ba ya motsi sai na ce."

"Wane yatsan? Na shago? Ba shi za ka tafi da shi daji ba. Ɗauki buhun can."

Buhun yashi ne, ya kai nauyin yaro ɗan shekara biyar. Tsohon ya ce ya saɓa shi ya hau bene har hawa na uku ya sauko, sau biyar, kafin nan shi ya sa sabon haƙori. Mai Agogo ya dube shi ko wasa yake. Ba wasa yake ba. Haka dattijo da furfurarsa ya yi ta hawa da sauka, matan bene suna leƙowa ta taga, wata har tana tambaya ko sabon ɗan dako aka samu. A zagaye na biyar numfashinsa har waje ake ji. Yana shigowa Sannu-Sannu ya kama hannunsa na dama ya tsoma a bokitin ruwan ƙanƙara, ya ƙirga talatin, ya ciro.

"Haka za ka kasance in barewa ta fito: ka hau tudu, sanyin safe ya kama hannu, zuciya tana duka. Na sa ta a kilo ɗaya. Saita duro. Ɗora yatsa kawai, kar ka ja."

Ya ɗora. Ƙas.

"Wallahi ban ja ba!"

"Na sani. Kowa haka yake cewa. Koma bene."

Da ya dawo, tsohon ya mayar da ita kilo biyu da rabi, ya ɗora murfin kwalba a kan hancin bindigar, ya ce yanzu ya ja da gaske. Mai Agogo ya ja da ƙarfi, bakin bindiga ya karkace, murfi ya faɗo ya gangara ƙarƙashin benci. Wato in ta yi tauri da yawa, kokawar ja za ta kawar da saiti, a raunata dabba ta tafi ta mutu a wahale. Yaya ya saba da hakan don hannunsa hannun sitiyari ne. Na Mai Agogo ba haka yake ba.

Sai abin ya fara ba shi sha'awa. Kunyar ta ja baya, mai gyara ya farka. Shi da kansa ya ce a gwada kilo biyu, ya saɓa buhu ba a ce masa ba. Murfi ya yi rawa ya faɗo. A gwada ɗaya da kwata! Ya hau, ya sauko, ya tsoma hannu, ya ɗora yatsa, sau biyu shiru, na uku ta tashi. A ƙara kaɗan! Rigarsa ta jiƙe sharkaf, ƙafafunsa suna kakkarwa, amma ihu yake daga matakala, "Baba, kar ka taɓa sai na sauko in gani!"

A kilo ɗaya da rabi abin ya zauna. Ya ɗora yatsa mai sanyi yana haki, shiru. Sau biyar, shiru. Ya ja da niyya, ta ce ƙas, murfin kwalba yana nan zaune ko gezau. Sannu-Sannu ya buga gindinta a taya sau goma, ya rufe sakata da ƙarfi, ya sa makulli ya cire, ba ta ce uffan ba. Ya rubuta nauyin a 'yar takarda ya ɗaura mata.

"Wannan ce taka. Amma ka ji da kyau: nauyi taimako ne kawai. Yatsa a waje yake zama sai ka ga abin da za ka harba. Fushin yayanka kuma, wannan ba ni da sukundirebar kwance shi."

Ranar Juma'a da yamma Mai Agogo ya je gidan Yaya. Ya same shi a ƙofar ɗaki yana shafa wa gwiwa magani. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙa bindigar da hannu biyu.

"Na yi wauta, Yaya. Ka duba da kanka. In ka ce a'a, ba zan ƙara magana ba."

Yaya ya karanta takardar. Ya ja sakata ya leƙa, ya ɗana, ya buga gindinta a ƙasa har sau uku, bugun mai jin haushi. Shiru. Ya dubi ƙanensa da ke ta ciccije leɓe.

"Me ya sami ƙafarka kake tafiya kamar ni?"

"Bene na hau. Sau ashirin da biyar."

Yaya ya kawar da kai don kada a ga dariyarsa. "Gobe, ƙarfe shida na safe. In ka makara da minti ɗaya, kai da kake gyaran agogo, na tafi."

Shida saura kwata Mai Agogo ya isa ƙofar gidan Yaya.

Kai, daji! Duk abin da ya ji da kunne sai ga shi a gabansa: ƙoramar da ta ƙafe, dutsen da ya tsage biyu, tudun da ake hango kwari daga kansa. Yana ta raɗa, "Yaya, nan ne ka harbi mai karyayyen ƙaho ko?" Yaya yana ta yi masa alama ya rufe baki. Raɓa ta jiƙa musu wando har gwiwa. Suka hau tudun a hankali saboda ƙafar Yaya, amma duk da haka zuciyar Mai Agogo dukan tara-tara take, don murna kawai.

A saman tudun Yaya ya durƙusa bayan wani kurmi, ɗan gaba da shi ta hagu. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya waiwayo, ya nuna da haɓa. Can ƙasa, taku kamar tamanin, barewa ce tsaye, namiji, rana tana dukan bayansa.

"Naka ne," in ji Yaya da raɗa.

Mai Agogo ya cire makulli, ya fara ɗago bindigar daga hagu zuwa dama, idonsa duk yana kan barewa. Sai ya ji wani abu yana tokare masa yatsa, wani tauri da ya sani sarai. Ya saukar da ido. Yatsansa yana ciki. Bai san lokacin da ya shiga ba, kuma ba a ɗore kawai yake ba, matsawa yake. Bakin bindigar kuwa bai kai ga barewa ba tukuna, yana daidai kafaɗar Yaya.

Ya zare yatsan kamar ya taɓa wuta. Ya kawar da bakin ƙasa, ya sa makulli, ya ja sakata harsashi ya faɗo cikin ciyawa. Ƙarar ta isa kwari, barewa ta yi tsalle biyu ta ɓace.

"Auta! Me ka yi haka? A tsaye yake fa!"

Da zai iya cewa rana ce ta kashe masa ido, kuma Yaya zai yarda. Ya duba fuskar nan da ya bi da kuka tun yana yaro, ya ji ba zai iya ba.

"Yatsana ya shiga, Yaya. Ban sa shi ba. Ina matsawa, bakin yana kan kafaɗarka." Ya sunkuyar da kai. "Da yadda na gyara ta ne ranar Talata, da yanzu babu kai."

Yaya ya dubi kafaɗarsa, ya dubi bindigar, ya sulale ya zauna daɓas a ƙasa. Mai Agogo ya tsugunna ya ɗauko harsashin, ya haɗa da bindigar ya tura gaban yayansa.

"Ga ta. Ka yi gaskiya tun farko. Na ɓata maka fitarka ta ƙarshe."

Yaya ya sa ƙafa ya turo masa ita.

"Wa ya ga yatsan nan ya shiga?"

"Ba kowa."

"Ni ma ban gani ba. Da ka yi shiru, da har in mutu ban sani ba." Ya share fuska da hula. "Na yi farauta da mutane sun fi arba'in. Waɗanda za su faɗi abin da ka faɗa ba su kai uku ba. Ɗauki bindigarka."

"Yaya..."

"Amma in ƙyale ka ka riƙa shiga daji da wannan ɗanyen yatsan, ba mai tsawata maka? Allah ya kiyaye. Sai na gyara shi, ko zai ci shekara."

"Likita fa? Ya ce gwiwoyinka..."

"Likita ne zai bi ka daji? Ka nemo mini sanda mai ƙwari kafin Asabar mai zuwa." Ya miƙo hannu. "Tashe ni, Auta, ƙafafun nan sun ƙi."

Mai Agogo ya rataya bindigar a baya, babu komai a cikinta, ya kama yayansa ya ɗaga. Suka fara gangarowa, hannun Yaya a wuyansa, nauyinsa duk a kansa, shi kuwa yana kuka yana dariya, ya rasa wanda zai bari.